Kafin Ka Ɗaga Waya a Bakin Teku

Duk wanda ya taso a Kano ko Damagaram ko Sakkwato, ranar da ya fara tsayuwa a gaban teku, a Legas ne ko Akra ko Jidda, abin da hannunsa ke fara yi shi ne laluben aljihu. Ba laifi ba ne, ruwan da ba a ganin ƙarshensa abin nuna wa mutanen gida ne. Matsalar ita ce abin da ke isa gidan: hoto mai sama fara fat, ruwa toka-toka ya karkace gefe ɗaya, mutumin da ke tsaye a tsakiya kuma ya yi baƙi ƙirin, ba a gane ko wane ne. Sai a ɗora wa waya laifi, a ce ai da iPhone ce da ba haka ba.

Waya ba ta da laifin da ake ɗora mata. Tecno ce ko Infinix ko Samsung mai matsakaicin kuɗi, kowacce na iya fitar da hoton teku da za a wanke a rataya a falo, muddin akwai hasken kirki. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da kake tsaye a wurin, rabin abin da ke burge ka ba da ido kake samunsa ba. Rugugin ruwa ya cika maka kunne, iska na kaɗa rigarka, yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarka. Kyamara ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take gani shimfiɗa biyu ce kawai, sama da ruwa, sai layi a tsakaninsu. In kana so wanda bai je ba ya ji abin da ka ji, dole ka zaɓi lokaci, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka kuma jira igiyar ruwan da ta dace. Yawancin wannan aiki ana gama shi ne tun ba a taɓa waya ba.

Fara da tambayar da kusan babu mai yi: ina gaɓar nan take kallo? Mutane kan je bakin teku a Legas da yamma suna jiran rana ta faɗa cikin ruwa a gabansu yadda suke gani a fina-finai, sai su ga ta sulale ta hannun dama, ta bayan gine-gine. Dalili kuwa shi ne gaɓar Legas da Kwatano da Lome da Akra duk kudu suke kallo. In ka fuskanci ruwa, gabas na hagunka, yamma na damanka. Daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana ta karkata kudu sosai, a Legas za ka same ta tana nutsewa a kan ruwa in ka juya dama. A Yuni da Yuli kuwa ta kan tudu take faɗuwa. Gaɓar Akra ta ɗan karkace, don haka a can fitowar rana ce ke zuwa ta kan ruwa a yawancin watannin shekara, wato mai son hoto a gaɓar Labadi ta Akra sammako ya kama shi. Jidda yamma take kallo, shi ya sa alhazai da masu Umara suka yi dace, rana a gabansu take faɗa wa Bahar Maliya. Haka ma Kribi a Kamaru. Port Sudan da ke ɗaya gefen Bahar Maliya gabas take kallo, nata rabon da asuba yake zuwa. Manhajar taswira, ko ma wadda kake duba alƙibla da ita, ta isa ta nuna maka wannan tun kana masauki.

Mai tsayuwa a gaɓar da ke kallon kudu kada ya ɗauka an cuce shi. A ganina ma shi ya fi morewa. Hasken da ke zuwa daga gefe shi ke fito da jikin igiyar ruwa, ya haska kumfa ta ɓangare ɗaya, ya bar inuwa a ɗayan, har sawun ƙafa a kan yashi ya fito raɗau. Hoton ƙwallon rana ja a tsakiyar ruwa kowa yana da shi, kuma duk iri ɗaya ne.

Sai dai a nan yankinmu rana ba ta jiran kowa. Kusa da tsakiyar duniya muke, don haka a tsaye take fitowa, a tsaye take faɗuwa. Daga faɗuwarta zuwa duhun da kyamarar waya za ta fara wahala bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. A Legas rana kan faɗi tsakanin wajen 6:30 da 7:00 na yamma, gwargwadon wata. A Akra kuwa, saboda bambancin agogo, wajen ƙarfe 6:00. Ka isa wurin da aƙalla awa ɗaya a hannunka, bayan La'asar ke nan, ka zaga ka ga abin da ke akwai. Wanda ya iso rana na kan faɗuwa, da gudu zai yi komai. Kuma kada ka mayar da waya aljihu da zarar ƙwallon ya ɓace, domin launin da ya fi kyau, ja da ruwan hoda a cikin gajimare, yakan zo ne minti 10 ko 15 bayan haka. Lokacin yana haɗuwa da Magariba, don haka ka san tun da wuri inda za ka yi sallah. Da safe kuwa abin ya fi sauƙi: a idar da Asuba, a kama hanya, a sami gaɓa babu jama'a, yashi kuma babu sawun kowa.

Tsakar rana ita ce lokacin da yawancin mutane ke ɗaukar hoto, kuma ita ce mafi muni. Haske daga bisa kai yake sauka, ruwa ya yi ta walƙiya, fuskoki su cika da inuwa. In babu yadda za ka yi, nemi inuwar bishiyar kwakwa ko rumfa, ka sa ganyen ya rufe wani ɓangare na sama.

Yanayin shekara ma yana da ta cewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan sauko har bakin teku. Layin da ruwa ke haɗuwa da sama ya ɓace, rana ta zama farin faifai tun ba ta kai ƙasa ba. Masu zuwa hutun ƙarshen shekara sukan ji haushin wannan, amma hazo ba abokin gaba ba ne. Kwalekwale ɗaya a cikin wannan farin, babu sama babu ƙasa, hoto ne da ba a samunsa a wani lokaci. Damina kuma ita ke kawo gajimare masu nauyi, kuma sama mai gajimare ta fi shuɗiya wayam daɗin kallo nesa ba kusa ba. In an ɗauke ruwa da yamma, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, bar duk abin da kake yi ka fita. In kuwa ana walƙiya da tsawa, fili irin na bakin teku ba wurin tsayuwa ba ne.

Akwai wani agogo na biyu da mutumin tudu bai saba da shi ba, wato cika da janyewar teku. Sau biyu a kowace rana ruwa ke haurowa, sau biyu yake ja da baya. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan akalar abin, saboda haka lissafin watan Musulunci zai yi maka amfani: a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 gare shi, ruwa ya fi haurowa, ya kuma fi janyewa. A gaɓar Legas bambancin ya kai kusan mita ɗaya, a Jidda kuwa da ƙyar ake lura da shi. Abin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne, in ruwa ya janye yakan bar jiƙaƙƙen yashi mai sheƙi wanda ke ɗaukar launin sama gaba ɗaya, ya kuma tone duwatsu da ƙananan tafkuna. In janyewar ta dace da faɗuwar rana, ka sami ranar da ake nema. Jadawalin cikar ruwa na kowane babban gari na bakin teku yana nan a intanet kyauta, masunta kuma sun san shi da ka.

To, yanzu a ɗauko waya. Abu na farko, goge gilashin kyamara. Ba sau ɗaya ba, a kai a kai. Iskar teku na ɗauke da feshin gishiri wanda ido ba ya gani, cikin 'yan mintuna ya shafe gilashin, hoto ya fara fitowa dishi-dishi, hasken rana ya yi ta jan layi. Da yawa daga hotunan da ake cewa waya ce ba ta da kyau, wannan ne kawai ciwonsu. Amma ka fara hure gilashin da baki kafin ka goge, domin ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, in ka murza ta da bakin riga ka bar tabon da ba ya fita. Ƙyallen goge tabarau shi ya fi. In kuma daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyaya iska ka fito, gilashin zai yi raɓa saboda laimar bakin teku. Ba shi 'yan mintuna ya washe da kansa.

Na biyu, layin da ruwa ya haɗu da sama. Ido na yafe bishiyar da ta karkace a hoto, ba ya yafe tekun da ya karkace, domin kowa ya san ruwa ba ya kwanciya a gangare. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, kusan kowace waya tana da su. Ka daidaita layin teku da ɗaya daga cikinsu. Wanne? Ya danganta da inda labarin yake. In sama ta yi kyau, sauke layin ƙasa ka ba ta kashi biyu cikin uku. In sama wayam take, ɗaga layin, ka ba yashi da kumfa wurin. Ana yawan cewa kada a sa shi a tsakiya, amma in jiƙaƙƙen yashi ya ɗauki hoton sama, tsakiyar ce wurinsa. Abin da za ka kiyaye dai, kada layin ya ratsa wuyan mutum ko kansa.

Na uku shi ne haske, kuma a nan ne ake asarar yawancin hotuna. Waya na ƙoƙarin raba gardama tsakanin sama mai haske da ƙasa mai duhu, sau da yawa sai ta ƙona samar. Taɓa fuskar waya a kan sama, kusa da inda ta fi haske, za ka ga wata alama mai kama da rana ta fito; ja ta ƙasa har launi ya dawo cikin gajimare, kumfa kuma ta daina zama farin da babu komai a cikinsa. In ka danna ka riƙe yatsa na ɗan lokaci, waya za ta kulle wannan saiti, ba za ta riƙa canza shi duk lokacin da igiya ta shigo ba. Dalilin fifita duhu a kan haske mai sauƙi ne: wurin da ya yi duhu ana iya haska shi daga baya, wurin da ya ƙone ya tafi ke nan. Bar HDR a kunne, don irin wannan wuri aka yi shi. Amma kashe abin gyaran fuska da abin ƙara launi da wasu wayoyi ke zuwa da su a kunne, sannan don Allah kashe tambarin sunan waya da ke fitowa a kusurwar hoto. Kamfanin bai biya ka kuɗin talla ba.

Mutumin da ya tsaya rana na bayansa kuwa, zaɓi biyu gare ka. Ko dai ka bar shi ya zama baƙar inuwa da gangan, ka sa ya tsaya a gefe yadda siffar hularsa ko mayafinta za ta fito sarai, ko kuma ka juya shi haske ya sauka a gefen fuskarsa, teku ya koma gefe ɗaya na hoton. Fitilar waya ba za ta cece ka ba, ƙarfinta ba ya wuce taku biyu ko uku.

Yanzu ga abin da ya raba hoton da ake tsayawa a kalla da wanda ake wucewa. Teku shi kaɗai ba ya cika hoto, sai ka ba ido wurin da zai fara sauka kafin ya tafi nesa. Dutse, igiyar kwalekwale, guntun itacen da ruwa ya kawo, sawun doki, yaro mai tallan kwakwa. Ka matsa kusa da abin nan sosai, sannan ka durƙusa. Yawancin mutane a tsaye suke ɗaukar hoto, waya a daidai fuska, shi ya sa hotunansu suke kama da juna. Sauke wayar zuwa gwiwa ko ƙasa da haka, ka ma juya ta kai ƙasa yadda kyamara za ta kusanci yashi, sai ka ga ƙaramar igiya ta yi kwarjini, kumfa ta cika gaban hoton. A nan ne kyamarar 0.5 take da amfani, in wayarka na da ita: tana ƙara girman abin da ke kusa, tana tura na nesa. In babu komai a gabanka kuwa, kada ka yi amfani da ita, fili kawai za ta ƙara maka. Kuma da haske ya ragu ka koma 1, domin babbar kyamarar ta fi ta ƙarfi a duhu. Jiragen ruwan da ke jere a nesa suna jiran shiga tashar Legas ko ta Lome sai da 2 ko 3, in wayar na da gilashin zuƙowa na gaskiya. Zuƙowa da yatsu biyu har 10 ko 20 ɓata hoto ne kawai.

Kowace gaɓa na da nata abin. A Elmina akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ga kwalekwale masu fenti da tutoci cunkushe a bakin gada. A Jamestown na Akra akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari. A Limbe yashin baƙi ne saboda aman wutar Dutsen Kamaru, farar kumfa a kansa ba ta buƙatar wani ado. Kusa da Kribi kogin Lobe daga kan duwatsu yake zubowa cikin teku kai tsaye. A Jidda ga Masallacin Rahma da ke tsaye a kan ginshiƙai cikin ruwa, ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad mai harba ruwa sama kusan mita 300, wadda ta fi kyau bayan faɗuwar rana, an kunna mata fitila amma sama ba ta gama yin baƙi ba. A Lome da Kwatano da gaɓar Gana za ka tarar da layin mutane suna jan igiyar taru daga cikin ruwa, kuma wannan layi da kansa yake jan ido daga kusurwar hoto zuwa teku. Wani abin lura: a yawancin garuruwan masunta na Gana ba a fita su ranar Talata, al'ada ce daɗaɗɗiya. Mai son kwalekwale a jere a kan yashi ana ɗinkin taru, Talata ce ranarsa. Mai son hayaniyar sauke kifi ya zaɓi wata rana. Kafin ka danna kuma, bi gefunan hoton huɗu da ido, domin leda da robar ruwa sun cika gaɓar Legas da ta Akra. Ko ka ɗauke su, ko ka matsa, ko ka sa su a ciki da niyya.

Sai jiran igiya. Raƙuman ruwa a rukuni suke zuwa, 'yan ƙanana a jere, sannan manya su biyo baya. Tsaya minti 5 ko 10 kana kallo kawai, ka ga inda suke fashewa da iyakar inda suke kaiwa. Mutane na son lokacin da ruwa ya daki dutse ya yi tsiri, kuma waya na kama shi cikin sauƙi da rana. Yi amfani da ɗauka a jere: a iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu a riƙe, a Samsung a ja shi ƙasa, a wasu wayoyin dannawa ake yi a riƙe. Ka fara tun igiyar ba ta iso ba, daga baya ka zaɓi ɗaya ka goge sauran. Amma ni lokacin da na fi so shi ne komawar ruwa, sa'ad da igiya ta gama shimfiɗuwa a kan yashi ta fara ja da baya, kumfa na zana layuka a gefen dutse. Layukan nan su ke jan mai kallo zuwa cikin hoton.

Wannan ya kawo mu ga hoton da ruwa ke fitowa sumul kamar an shimfiɗa auduga, wanda ake zaton sai da babbar kyamara ake samunsa. Asirin shi ne tsawon lokacin da kyamara ke barin idonta a buɗe. In wayarka na da sashen Pro, za ka ga lambobi irin 1/1000 da 1/60 da 1/4, kason daƙiƙa ne. A 1/1000 kowane ɗigon feshi zai daskare. Daga 1/4 zuwa 1/2 ruwa zai ja layi amma siffarsa na nan. Daga daƙiƙa 5 zuwa sama sai ya narke ya zama hazo. Sa ISO a mafi ƙanƙantarsa, 50 ko 100. Cikas ɗin shi ne ƙofar hasken kyamarar yawancin wayoyi a buɗe take, ba a rage ta. Da rana tsaka waya na ƙiftawa ne cikin kusan 1/4000 na daƙiƙa, in ka tilasta mata 1/4 farin fili za ta ba ka. Mafita biyu ce. Ko ka sayi baƙin gilashin da ake maƙala wa kyamara, mai lamba ND1000, wanda ke rage haske ninki dubu, daidai abin da zai mayar da 1/4000 ya zama 1/4. Ko ka jira rana ta faɗi, haske ya ragu da kansa, ba ka kashe ko kwabo ba. Masu iPhone na da gajeriyar hanya: a ɗauki hoto da Live a kunne, a buɗe shi a zaɓi Long Exposure, waya ta haɗa daƙiƙa 3 da ta naɗa su zama hoto ɗaya, sai dai takan ɗan yanke gefuna. Yawancin wayoyin Pixel daga na 6 zuwa sama da wasu na Huawei su ma suna da nasu irin.

Kowace hanya ka bi, dole waya ta tsaya cak. Ƙaramin mariƙi mai ƙafa uku ba shi da tsada. Ka tura ƙafafunsa cikin yashi sosai, domin in ruwa ya ja baya yakan kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu, hoto ya girgiza. In babu, jingina wayar da dutse ko takalmi. Sa ta ƙirga daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta ɗauka, ko ka danna maɓallin ƙara sauti na abin saurare mai igiya, don kada yatsanka ya motsa ta. Shawarata, kada ka mayar da kowane hoto hazo. Tekun Atlantika a Legas ƙarfi gare shi, hoton da ya kwantar da shi gaba ɗaya ya ɓoye halinsa.

Ƙarfin nan kuwa ba abin wasa ba ne. Wanda ya iya iyo a Dam ɗin Tiga ko a kogi bai iya teku ba. Kada ka juya masa baya don hoton kanka alhali kana inda ruwa ke kaiwa. Dutsen da ka ga ya jiƙe ko ya yi gansakuka, ruwa na hawansa, kuma zai sake hawa. Inda ka ga wani wuri ya yi lumui a tsakanin raƙuman ruwa, babu kumfa, launinsa ya fi duhu, sau da yawa ta nan ne ruwa ke komawa ciki da gudu, kuma shi ke jan mutane. Babbar riga da doguwar riga da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Tattare su, ko ka tsaya a busasshen yashi.

Ita ma wayar tana da nata haɗari. Lambar IP68 da ake tallata waya da ita, da ruwan daɗi aka yi gwajin, ba da na gishiri ba, kuma garantin kamfani galibi ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Gishiri na cin ƙarfen ramin caji a hankali, sai bayan makonni abin ya bayyana. In feshi ya taɓa ta, cire rigarta, goge ta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, ka bar ta ta bushe a iska na wasu awanni kafin ka sa caji. Binne ta a cikin shinkafa da ake yi, kamfanin Apple da kansa ya ce a daina. Igiyar da ake ɗaura waya a hannu da ita tana maganin faɗuwa, tana kuma maganin masu fizge. Kada ka ajiye ta a rana a kan yashi, zafi zai sa ta rage hasken fuskarta har ka kasa ganin abin da kake ɗauka.

Mutanen da ke aiki a bakin teku ba kayan ado ba ne. Yi sallama, gaisa, nemi izini, in an ɗauka ka nuna musu. Masu dawakin haya a Labadi da gaɓar Lekki sana'arsu ke nan, ku yi ciniki tun kafin ka ɗaga waya, ba bayan ka ɗauka ba. A Saudiyya doka ta hana ɗaukar mutane ba da yardarsu ba, balle iyalai da ke zaune a bakin ruwa. Tashar jiragen ruwa da wurin sojoji kuwa, a kowace ƙasa, ka kauce musu.

Gyara bayan an koma masauki bai kamata ya wuce minti biyu ba. Abin gyaran hoto na cikin waya ya isa, Snapseed ma kyauta ce. Miƙe layin teku tukuna, rage hasken wuraren da suka yi fari, ɗaga masu duhu kaɗan, ka tsaya nan. Kada ka zuba launi har ruwan Legas ya koma shuɗin Bahar Maliya, duk wanda ya taɓa zuwa zai gane. Hoton tsakar rana ko na hazo da launinsa ya mutu, gwada mayar da shi baƙi da fari kafin ka goge shi. Wajen turawa gida kuma, WhatsApp na matse hoto, kuma a jikin sama abin ya fi nunawa, launin da ke sauyawa a hankali sai ya koma zobe-zobe. Danna alamar HD kafin ka tura. In kuwa wanke shi za a yi a sa a firam, tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu, zai isa da cikakken girmansa.